Makaɗin Gayya a Intabiyun Yaya Sule

Laraba, 11 ga Agusta, 1976. Kademi, bayan lisha.

Yaya Sule ya samu! Jami'a ta ɗauke shi malami a sashen kasuwanci, zai koyar da yadda ake tafiyar da ma'aikata. Inna har da guɗa.

Ni murnata daban ce. Bara na leƙa littafinsa na Turanci, na ce duk surutun nan makaɗin gayya ya riga su sani. Ya ce, "Kai da ko firamare ba ka gama ba, rufe mini baki." Wata uku ban gaishe shi ba.

Yau a gaban Baba ya faɗa da bakinsa yadda intabiyun ya kasance. Wai farfesa ya tambaye shi me ke sa mutum ya dage da aiki ba don albashi ba, karatun duk ya gudu daga kansa. Sai ya ba su labarin gayyar gonar Kawu, yadda makaɗi ke kiran sunan mutum, mutumin ya nome kunyoyi uku kafin fura ta iso.

Na ce, "Yaya, wa ya koya maka?"

Ya yi dariya, ya miƙo mini littafin. Na karanta shafi huɗu. Wallahi har yanzu makaɗin ya fi su.