Sunan da Labo Ba Ya Faɗa

Kafur, Nuwamba 1966

Zuwa ga Abdussamad ɗan ƙanwata Tani, a Funtua.

Gaisuwa mai yawa. Malam Sanda mai rubuta wasiƙa a kasuwa ke riƙe da alƙalami, amma bakina ke magana, kuma na ce kada ya gyara mini.

Kai ka kawo mini likitar jami'a har gida kana yi mata tafinta, wai tana binciken lafiyar waɗanda suka gudo daga Fatakwal. Na shimfiɗa mata tabarma, na ba ta ruwa. Yanzu dagaci ya aiko wai za a ɗauki wancan a kai shi asibiti Zariya, don ubansa ya yashe shi. Ni Labo? Wa ya yaɓe ɗakin da yake kwana? Da ya bar al'adar kakanninmu ya bi salla ban kore shi ba. Da ya bar ni da gonar auduga ya tafi fataucin shanu kudu ban yi masa baki ba, ko da yake ban manta ba. Uwarka ma ba ta zo duba shi ba, ka gaya mata na lura.

Ba inda za shi. Ka huta lafiya.

Kawunka, Labo.

Funtua

Zuwa ga Kawu Labo.

Bayan gaisuwa da ban girma, da fatan ana cirar auduga lafiya.

Kawu, ga inda aka sami kuskure. Likita ta tambaye ka sunan ɗanka, ka juya ka dubi danga ka ce "wancan". Ta ga kuma ko kallonsa ba ka yi. Na bayyana mata cewa Maiwada ɗan farinka ne, kunya ce ba ƙiyayya ba. Ta soke abin da ta rubuta, tana ba ka haƙuri.

Sai dai Maiwada ba shi da lafiya. Ba ya barci, in mota ta wuce sai ya faɗa bayan rumbu. Matarsa ba ta dawo tare da shi ba, ya ƙi faɗin abin da ya same ta. Likita ta ce cikin mutanen da ta gani, waɗanda ke da wanda za su gaya wa damuwarsu sun fi saurin komawa sana'a. Ta ce da ni, uwarsa ta rasu, ubansa ba ya yi masa magana, to wa ke yi? Kawu, na rasa amsa. Motar asibiti za ta zo bayan kasuwa. Ba dole.

Ɗanka, Abdussamad.

Kafur

Abdussamad, ina gaisuwa.

Ka rasa amsa? Duk bokon da ka yi? Ni ma ɗan fari ne. Ubana ya mutu bai taɓa kiran sunana ba, amma cinyar kaza a akushina take sauka. Haka aka yi mu. Ka gaya wa likitar na jiƙa masa sassaƙe, na yanka jan zakara a gindin tsamiya ko da ba ya so, na hana yara buga gwangwani a gidan. Wannan duk ba magana ba ce?

Malam Sanda ya tsoma baki wai likita tana da gaskiya. Na ce aikinsa rubutu.

Amma ka tambaye ta, in mutum ya faɗi abin, ba ya ƙara taso masa? Ba don kaina nake tambaya ba.

Labo.

Kafur, Disamba 1966

Abdussamad, gaisuwa.

Saƙonka ya iso, cewa zai taso masa sannan ya lafa, in dai akwai mai zama kusa.

Jiya muna ɗaure buhunan auduga, ni da wancan da jaki. Na dubi jakin na ce, "Kai, me aka yi a Fatakwal?" Jaki ya kaɗa kunne. Can sai ya amsa, da muryar da na sani tun tana ƙarama. Har rana ta karkata yana magana, ni ina riƙe da igiya ina kallon kunnensa. Ba mu kai audugar kasuwa ba.

Abin da jaki ya faɗa ba na takardar likita ba ne, kada ta tambaya. Mota kuwa ta dakata tukuna. Gobe akwai sauran kaya, kuma jakin bai gama ba.

Ka gai da uwarka, ka ce ta zo.

Kawunka, Labo.