Rilen Layi na Huɗu

Anti Nabanda, ki taimake ni da shawara, don abin da ke raina ban iya faɗa wa kowa a wurin aiki ba.

Ni injiniya ce a ƙaramar tashar wuta da ke gindin dutsen Mulanje, shekara tara ke nan. Layuka huɗu ne ke fita daga tashar. Na huɗun ya fi tsawo: ya ratsa gonakin shayi, ya bi ta kurmin gora, ya ƙetare rafi biyu, ya ƙare a ƙauyenmu. Bara aka cire mana tsofaffin rile masu faifai, aka kafa sababbi masu ƙwaƙwalwa. Rile shi ne mai gadin layi. Idan waya ta tsinke ko wani abu ya taɓa ta, shi ke ba bireka, wato babban makunnin layin, umarnin yanke wuta kafin ƙiftawar ido. Sabon kuma yana ajiye labarin duk abin da ya gani.

Kada ki yi mini dariya, Anti, na shaƙu da wannan labarin nasa. Ranar da ake yayyafi, gajimare ya sauko ya lulluɓe dutsen, nakan zauna da kofin shayi ina karantawa, sai in ji kamar ina tafiya a kan wayar. Na san taɓawar gora idan iska ta kaɗa ta, na san ta biri. Wani lokaci sai in ga kaina can saman turaku, mata masu tsinkar ganye a ƙasa da kwanduna a bayansu, hayaƙi na tashi daga ɗakin girkin mahaifiyata. Sai wayar tebur ta yi ƙara nake dawowa.

To, tun da damina ta kama, sau ashirin da uku rilen nan ya yanke wuta. Manajana, Mista Chikhosi, mutumin kirki ne, amma ƙorafi ya ishe shi. Ya ce in rage wa rilen kaifin ji, wato in ɗaga ma'aunin da yake yankewa. Har da zolaya, wai na mai da na'ura mai haihuwar fari, ko atishawa jariri ya yi sai ta tada gida. Yayata Esnart, mai injin niƙan masara a ƙauye, ita ma ta bugo tana cewa ashe karatun da na yi duk don in mayar da su kan turmi ne, in zo in daka musu garin nsima, tuwonmu na masara, da digirina. Ma'aikaciyar asibitin ƙauyen kuwa ba da wasa ta yi magana ba. Ta ce alluran rigakafin da ke firij suna lalacewa.

Ga abin da ke riƙe mini hannu. Ƙasarmu can duwatsu ce. Idan waya ta faɗi kan dutse, wutar da ke zuba ƙasa kaɗan ce, rile mai kaifin ji kaɗai ke ganewa. In na ɗaga ma'aunin, wayar za ta iya wuni a ƙasa da ranta, a kan hanyar da mata ke bi da sassafe. Ina 'yar shekara goma sha ɗaya na ga saniyar maƙwabcinmu ta taka irin wannan waya. Har yau ban manta da ƙaurin ba.

Lambar sirrin rilen a hannuna take. Minti biyu ya isa in canza ma'aunin. Zan kuma iya cewa na canza alhali ban taɓa komai ba, ba mai ganewa da wuri. Jiya na buɗe kwamfuta, na yi awa guda ina kallon gurbin da ake rubuta lambar. Ranar Litinin manajana yake jiran amsa. Ko dai ni ce mai taurin kai, tsoron ƙuruciya ke tuƙa ni?

Mai Tsaron Layi, Mulanje

*

'Yata Mai Tsaron Layi,

Ban yi miki dariya ba. Na kai wasiƙarki wurin wani tsohon injiniya da na amince da shi, don ni tawa wutar ba ta wuce ta dutsen guga ba. Ya ce tsoronki yana da tushe.

Ki fara cire ƙarya daga zuciyarki. In kika ce kin canza alhali ba ki canza ba, ranar da aka gano, ba wanda zai ƙara yarda da maganarki, ko da a kan abin da kike da gaskiya ne. Kada kuma ki canza da baki kawai. Abin da ya shafi rayukan mutane a rubuce ake yinsa, da sa hannun sashen kariya na kamfaninku.

Amma ki ji nasu. Allurar da ta lalace ma rai ce, kuma yayarki sana'arta take karewa. Manajanki bai nemi a kashe kowa ba, wuta yake so ta zauna. Ki kai masa hanyar da za ta zauna.

Kin ce kin san taɓawar gora. To, ki daina sanin nan ke kaɗai. Ki fito da yankewa ashirin da ukun nan a shafi ɗaya: rana, lokaci, da wurin da kike zaton abin ya faru. Ki nemi mota da masu saran gora, ku bi layin da ƙafa, ke a gaba. Tsohon ya ce ki tambayi sashen kariya ko za a saita rilen ya riƙa mayar da wuta da kansa idan taɓawar ganye ce, ya kuma kulle idan alamar faɗuwar waya ce. In bayan haka suka ce a ɗaga ma'aunin, ki rubuta rashin amincewarki da dalilanki, ki ajiye kwafi.

Asabar ɗin nan ki hau bas ki je ƙauye. Ki zauna a injin Esnart, ki gaya mata abin da kike tsoro da harshen da kuka tashi da shi. Ki tambayi matan gonar inda gora ke kwanciya kan waya, sun fi na'urarki sanin wurin.

Litinin ki shiga ofishinsa da takarda a hannu, murya ƙasa, ba tare da ban haƙuri ba. Allah Ya tsare ki, Ya tsare masu bin hanyar nan.

Taki,
Anti Nabanda