Girish Bai Ga Fuskar Ɗansa Ba

Yaya Omkar,

Ina taɓa ƙafafunka daga nan Gorakhpur, da fatan kai da iyali kuna lafiya a Nairobi. Ubangiji Shiva ya ƙara tsare ku. Mahaifiyarmu Amma tana nan da ciwon gwiwarta, bakinta dai garau yake.

Sarla, matar ƙanenmu Girish, ta haihu, namiji, sai dai bakwaini ne, yana cikin kwalba a asibiti. Da malamin taurari ya duba, ya ce an haife shi wata yana ɗakin Mula, can a wutsiyar taurarin Kunama. Ka san zancen: ɗakin Nirriti ne, uwar ɓarna, wadda ba ta sare reshe sai dai ta tumɓuke saiwa, saiwar yaro kuwa ubansa. Don haka Girish ba zai kalli fuskar ɗansa ba sai wata ya kewayo ɗakin bayan kwana ashirin da bakwai, a nuna masa inuwarta a cikin kwanon mai.

Yaya, yaron nan da wuya ya kai. Jiya likita ta ce in uban yana son ganinsa da rai, kada ya yi nawa. Mahaifiyarmu kuwa ta shimfiɗe a bakin ƙofa, ta ce sai dai ya tsallake ta, ita ba za ta bayar da ɗan da ta raina har ya yi gemu ba saboda ɗan tayin da ko suna ba shi da shi. Na ce mata tauraron da bai san hanyar Gorakhpur ba ina ya san Girish? Ta ce in rufe mata baki, boko ya cinye min kai. Wallahi raina ya ɓaci, ga shi ni ma tsoron yana cikina, don kowa ya ga maciji ba ya wasa da igiya.

Tun rasuwar Baba maganarka kaɗai mahaifiyarmu take ji. Ka kira ta yau, kada ka ce gobe.

Ka gaida Yaya Kusum da su Nalini. Girish ma yana gaisuwa. Ɗazu na dawo daga asibiti, ya tare ni a tsakar gida ya ce in faɗa masa kamannin yaron a hankali, in fara daga goshi, don ya haddace.

Ƙanwarka,
Bimla