Abin da Ya Rage a Kwamfutar Babansu

Asabar, 1 ga Maris

Kai da ka buɗe littafin nan ba da izinina ba, rufe shi. In kuma taurin kai ya hana ka, to karanta da kyau, ka ga abin da ganganci ke jawo wa gida.

Kwamfutar babansu ta cika, da ƙyar take buɗewa. Wata goma sha ɗaya da rasuwarsa ban bari kowa ya taɓa ta ba. Yau Babba ta zo, 'yata ta fari, mai kula da kwamfutocin wani kamfani, ta ce bari ta rage mata kaya. Folda biyu ya bari. Ɗaya sunanta "Baba", a nan hotunansa suke, da muryarsa da ya riƙa ɗauka yana yi wa jikoki labari. Ɗayar "Baba tarkace", tsofaffin takardun ofis. Ta biyun na ce a share.

Tana da wani ɗan umarni da ta rubuta wa kanta, da shi take shara a wurin aiki. Ta sa shi, kwamfutar ta ƙi, wai kayan na mai su ne, sai da babban izini, abin da suke kira sudo. Shi kuma sudon bai san umarninta ba, dole ta cusa shi cikin wani layin. Kalmar sirrin na jakata, a rubuce da hannunsa. Na miƙa mata. Ƙanwata na zaune tana jirana mu tafi asibiti dubiya.

Ta danna. Sai na ga ta dafe baki.

Lahadi, 2 ga Maris

Muryarsa ta tafi. Hotunan ma.

Ta yi mini bayani tana kuka. Wai kwamfuta in ta ga tazara tsakanin kalma biyu, abu biyu take ɗaukarsu, sai in an rufe su da alamar zancen wani, irin wadda aka koya mana a makaranta. Ta sa alamar da farko, amma da ta cusa umarnin cikin layi na biyu, alamar ba ta kai ciki ba. Kwamfuta ta ga "Baba" daban, "tarkace" daban, ta share Baba. Mai babban izini kuwa ba a tambayarsa ko ya tabbata.

Tarkacen na nan, ko takarda ɗaya ba ta yi ciwon kai ba.

Na faɗa mata maganganu. Na ce digiri ba ya maganin rawar kai. Na ce yaran yanzu hannunku ya fi hankalinku sauri. Na ce ta sake binne mini shi. Wannan ta ƙarshen, to, na riga na faɗa.

"Mama, kar kowa ya kunna ta," shi ne kawai abin da ta ce. Ta naɗe kwamfutar a mayafinta ta fita.

Talata, 4 ga Maris

Ba ta kira ba. Ni ma ban kira ba. Ni na haife ta.

Laraba, 5 ga Maris

Na zauna ina son tuno yadda yake kiran sunana daga ƙofar ɗaki. Kalmar na nan, sautin ne babu.

Alhamis, 6 ga Maris

Ƙanwata ta zo, bakinta bai iya shiru ba tun tana yarinya. Ina cikin faɗin laifin Babba ta katse ni.

"Yaya, ke fa kika tsaya a kanta. Yarinya ta ce bari ta sa umarnin ya fara nuna mata abin da zai share, kika ce mota na jira, sau nawa za a gwada abu ɗaya."

Na ce ban tuna ba. Ta ce ita ta tuna, har da buga jaka a kan tebur. Wai a wurin aikinsu haka Babba take yi kullum, sai ta ga jerin sunayen a allo kafin ta saki umarni.

Na ce ta sha shayinta ya huce. Ko ma an gaggauta ta, ai ita ce mai ilimin.

Juma'a, 7 ga Maris

Na tuna da buga jakar a kan tebur.

Asabar, 8 ga Maris

Babba ta dawo da rana, ta rame. Kwana shida ita da wata abokiyar aikinta suna tono. Hotuna sun dawo fiye da rabi, ba suna, ba tsari. Murya kuwa, cikin goma sha huɗu guda ɗaya ce ta fito, minti biyu, ita ma farkonta ya yanke. Yana tari, sai ya ce, "To, ina muka tsaya?" Jikoki suna ta gardama, yana dariya. Daga nan shiru.

Sau uku muka ji. Sauran ba za su dawo ba, ta ce, ba ta kalle ni ba.

Na zuba mata abinci, na ƙara mata nama. Ai ta gane.

Na tara mutanen gidan duka na kafa doka. A gidan nan ba mai sake share komai da babban izini sai ya sa suna cikin alamarsa, ya nuna jerin abin da zai tafi, mutum biyu sun karanta. Wanda ke tsaye a kan mai aikin kuma, ko wane ne shi, ya ja kujera ya zauna, ya kama bakinsa har a gama.