Injin Waldar da Ka Aiko wa Babanka

Samaru, Zariya

Zuwa ga ɗana Dominic,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangiji, tare da addu'ar wannan takarda ta same ka lafiya, kai da matarka Amara da jikokina. Allah ya kiyaye fitarka da shigarka a wannan Fatakwal taku da ruwa ba ya ɗaukewa. Mu nan lafiya lau. Masarata ta bayan gida ta yi kyau, sai dai awakin maƙwabta sun ɗauka don su na shuka. Babanka kuma tun da likitocin asibitin Shika suka sa masa na'urar nan a ƙirji mai daidaita bugun zuciya, numfashinsa ya dawo, cin tuwo ya dawo, har gardama ta dawo.

Injin waldar da ka aiko ya iso, irin mai tura wayar walda da kansa. Ranar da aka sauke shi a shagon Sabon Gari, babanka ya zagaya kwalin yana shafawa kamar an kawo masa saniya. To amma akwai abin da ba ka sani ba lokacin da ka saya. Da muka koma asibiti, likita ya ce wutar walda tana iya rikita na'urar ƙirjinsa, zuciyar ta tsaya. Ya ce kada ya riƙe, kada ma ya matsa kusa in injin yana aiki. Mutumin da tun kafin ya aure ni yake cikin tartsatsi!

Ƙanwarka Jemimah ce ta karɓi aikin, ka san tun tana makaranta take tsayawa a bayansa. Ta samo fenti ta ja layi a ƙasa can bakin shago, ta ajiye masa kujera a wajen layin. Daga nan ya zauna yana ba da umarni kamar sajan. Ya sa aka fitar da jarkar man janareta da tsummoki da duk abin da wuta ke so. Ya sa ta ɗora injin a kan katako inda ruwa ba ya kwanciya, aka kira mai gyaran wuta ya ja masa layinsa daban. Bamidele mai sayar da gas ya kawo tulu ya jingine a bango, babanka ya ce ba za a taɓa komai ba sai an ɗaure shi da sarƙa, sannan a shafa ruwan sabulu a mahaɗar tiyo a ga ko zai yi kumfa. Ya sa ta goge tsatsar ƙarfe kafin ta maƙala wayar ƙasa, ya hana ta juya bakin injin wajen fuskarta lokacin da take zura waya. Ni ma na sa baki, na cire mata wannan rigar roba da take so, na ba ta ta auduga, na ɗaure mata gashi kafin ta sa hular walda da safar hannu ta fata.

Da ta kunna, sai wayar ta sarƙe a ciki. Kafin in ƙifta ido babanka ya miƙe, ƙafarsa har ta taka fentin. Jemimah ta kashe wutar daga bango, ta ɗaga hula, ta ce masa cikin ladabi ba za ta sake kunnawa ba sai ya zauna, ko da za su yini a haka. Ya daɗe a tsaye yana kallon hannuwansa. Can ya koma ya zauna, ya ce ta sassauta abin da ke matse wayar kaɗan. Ta sassauta, aiki ya tafi sumul. Da ƙarfen ya huce ta kai masa, ya bi ɗinkin waldar da babban yatsa, ya ce ba laifi. Ka san a bakinsa wannan ba ƙaramin yabo ba ne. Ni dai bayan shago na zagaya na share hawaye, don tausayinsa ya kama ni.

Ka gaida mini Amara, da Seun da ƙaramar Peculiar, ka ce Kaka ta ajiye musu gyaɗa. Kawunka Mordecai da Goggo Clementina suna gaisuwa.

Sai roƙo ɗaya, ɗana. A coci babu wanda babanka bai gaya wa cewa ɗansa ya aiko masa da inji ba, kuma ba ya so ka ji kyautarka ta tashi a banza. In ka kira shi ka tambaye shi yadda injin yake a hannu, na san halin mijina, washegari zai je ya riƙe don ya sami amsar da zai ba ka. Kada ka tambaye shi wannan. Ka tambaye shi yadda hannun Jemimah yake, ka bar shi ya yi ta bayani har katinka ya ƙare.

Ni ce mahaifiyarka mai ƙaunarka,
Martina