Darasi na Tara

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara, kuma ciwon gwiwar nan ya lafa. Na zaɓi takarda ne saboda in na kira ka a waya zan ɗaga murya, kai kuma ka kashe.

Labari ya iso ni cewa ka cire Auta daga cikakken tsarin karatun haɗa magunguna, ka mayar da ita na rabin kuɗi, wanda bidiyo kawai ake kallo a waya. Har an ce kana bugun ƙirji a shagonka, wai ka yi dabara, tunda ma goggonta ce ke koyarwa a ciki. Yaya, raina ya ɓaci ƙwarai. Kai da ba ka sayen taya sai ka ƙwanƙwasa ta sau uku, karatun 'yarka ne ka saya ido rufe?

Matar da ke cikin bidiyon nan ni ce, amma ta shekara shida da suka wuce. A wani ɗaki mai zafi aka ɗauke ni, an kashe fanka don kada ƙararta ta shiga, darasi ashirin cikin kwana uku. Abin da ke riƙe karatun shi ne ajin Asabar, inda ɗalibi zai yi tambaya in amsa masa kai tsaye. Bara makarantar ta sallame mu mu huɗu, ta bar malami ɗaya ga masu cikakken biya, sauran kuma aka bar su da hotona yana surutu. Araha ba ta ado. Ka mayar da yarinyar nan inda ka ɗauko ta.

Ka gaishe da kowa da kowa.

Ƙanwarka, Malama

Zuwa ga Yayana,

Ina gaisuwa, da fatan gida lafiya. Ni dai ba lafiyar zuciya.

Auta ta kira ni jiya tana kuka. A jarrabawar gwaji an ba ta takardar likita ta yaro ɗan shekara biyu, ta auna maganin da ya ninka ƙa'ida sau uku. Mai jarrabawa ya karɓe kwalbar daga hannunta a gaban mutane. Da ya tambaye ta wa ya koya mata, ta ce goggonta, kuma ba ta yi ƙarya ba.

Akwai abin da na ɓoye maka a wasiƙar farko. A darasi na tara na yi kuskure, na tsallake lissafin nauyin yaro. Na gano tun makon da aka saka shi. Sau biyar ina rubuta wa shugaban sashe a sake ɗauka, yana cewa hayar ɗakin ɗauka da tsada, in gyara da baki. Haka na yi ta yi, kowane zango da wannan gyaran nake buɗe ajin Asabar. Ranar da suka sallame ni, gyaran ya bi ni gida, kuskuren ya zauna yana karantarwa.

Ina jin haushinka, don wata huɗu ba ka ba ni amsa ba. Ina jin haushin mutanen da suka ga minti goma na gyara ya fi ran yaro tsada. Amma wanda ya hana ni cin abinci haushin kaina ne. Layi ɗaya ya isa in gargaɗe ka, sai na tsaya yi maka wa'azin taya, don kada ka ji cewa Malama ma tana kuskure.

Yau da safe na jingina wayata da gwangwanin sukari, na ɗauki gyaran, na tura wa duk ɗalibin da nake da lambarsa. Kafin azahar makarantar ta aiko cewa darasin mallakarta ne, ba ni da hurumin taɓawa. Su kai ni duk inda za su kai ni.

Ka turo mini Auta ranar Asabar da littafinta, akwai zama na biyu na jarrabawar bayan wata uku. Ban ce ka biya komai ba. Kafin ta zo, ka ce mata kada ta sake buɗe darasi na tara. Na buɗe shi ɗazu, na yi wa matar da ke cikin bidiyon tsawa har maƙwabciya ta leƙo, ita kuwa ta ci gaba da rubutu a allo tana murmushi.

Ka huta lafiya.

Ƙanwarka, wadda ta kayar da 'yarka