Ƙorafi Kan Mai Gyaran da Ya Toshe Bakin Injin Busar da Kaya

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Ƙungiyar Ƙwallon Ƙafa
Daga: Mai kula da kayan 'yan wasa, wanda aka dakatar
Kwanan wata: 19 ga Mayu

Game da: Ƙonewar jesunan wasan ƙarshe da ɗora mini laifin wani

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina gabatar da kukana kamar haka:

1. Ranar 8 ga Mayu injin busar da kaya na ɗakin wanki ya fara tsayawa da kansa, yana ƙara, jar fitila na walƙiya a allonsa. Na kwashe ɓurɓushin zaren da ya cika ragar injin, na cire filogi na mayar, bai daina ba. Na sanar da ofis.

2. Aka turo mai gyara, ƙanen matar Ma'aji. Ko bututun iska bai leƙa ba. Ya cire na'urar da ke auna zafi, ya haɗe wayoyinta biyu, ya tsinke wayar ƙara, sannan ya manna baƙin salatif a kan jar fitilar. Ya ce mini ya warke. Ashe bakin mara lafiya ya toshe don kada a ji nishinsa.

3. Ranar 12 ga Mayu, jajiberin wasa, na zuba jesunan. Injin ya yi ta zafi babu mai tsawata masa. Da na buɗe, lambobi sun narke sun manne da juna, rigar mai tsaron gida ta tsuke, ko ƙaramin jikana ba za ta shiga ba. Yaranmu suka buga wasan ƙarshe da kayan atisaye, ana yi musu dariya, aka kuma ci mu.

4. Ni aka dakatar. Yanzu magoya baya Baba Ƙonau suke kirana har ƙofar gidana, shi kuwa mai gyaran jiya na gan shi a benci yana shan lemo. Ranka ya daɗe, abin nan ya ci mini rai, kuma ban yafe ba.

Don haka ina roƙo cikin ladabi a buɗe bayan injin a gaban kwamiti, wayoyin suna nan yadda ya murɗe su. A mayar da ni bakin aikina, a kuma faɗi sunansa a lasifikar filin wasa.

Ba na roƙon a kore shi, kora hutu ce. A ba ni shi kakar wasa ɗaya a ɗakin wanki. Duk safar da aka cire bayan wasan ruwan sama, shi zai wanke ta da hannu, ni kuma ina zaune ina dubawa ko ta fita.

Na gode, Allah ya ƙara girma.

Naka mai biyayya,
Mai kula da kayan 'yan wasa
(sa hannu)